Harshen Fatauci Tsakanin Na'urori: Tarihin C da Masu Neman Gadonsa

A zangon karatun da ya wuce na kai jingata wani shagon buga takardu da ke bakin makaranta, na biya kuɗina, aka miƙo mini shafi goma sha biyu. Da na duba sai na ga duk inda na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, wani ɗan akwati ne ya yi zaune a wurin, alhali kuwa a kwamfutar da na yi rubutun komai lafiya lau yake. Na koma ɗaki ina ta faɗa. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ɗalibin kimiyyar kwamfuta, ya bari sai da na gama, sa'an nan ya ce abin da ya same ni ɗan ƙaramin reshe ne na wata tsohuwar matsala, watau abin da aka shirya a kan wata na'ura ba lalle ne wata na'urar ta karɓe shi ba. Ya ce mutanen fanninsu sun fi shekara hamsin suna gardama a kan harshen da ya kamata a rubuta manhaja da shi don ta yi aiki ko'ina. Jin kalmar harshe ya sa na kasa kunne, domin ɗalibin Hausa ba ya jin ana rigimar harshe ya wuce. Wannan maƙala ita ce abin da na tsinto bayan na bi sawun maganar.

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya san abubuwa uku. Na farko, ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta jin kome sai umarnin da aka ƙera ta da shi, kuma kowane dangi na na'ura da nasa umarnin. Wanda ƙwaƙwalwar Intel take ji, ƙwaƙwalwar ARM da ke cikin wayoyinmu ba ta jin sa. Na biyu, ɗan'adam yakan rubuta manhaja ne da wani harshe da ya fi kusa da tunaninsa, sa'an nan wata manhaja ta musamman, wadda zan kira tafinta, ta juya rubutun gaba ɗaya zuwa umarnin na'ura. Manhajar da aka juya haka tana magana da na'ura baki da baki, shi ya sa take da sauri. Na uku, akwai manhajar da masu ita suke buɗe asalin rubutunta ga kowa, ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Mai irin wannan manhaja bai san wa zai ɗauke ta ba, bai kuma san a kan wace irin na'ura za a ɗora ta ba. Saboda haka tambayar da take gabansa ita ce: wane harshe ne yake da tafinta a kowane gari?

Daga Multics zuwa Unix

Cikin shekarun 1960 babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta akan rubuta ta ne da harshen gida na ita wannan na'urar. In kamfani ya ƙera sabuwar na'ura, to sai a sake rubutu daga farko. An yi ƙoƙarin kauce wa haka a wani babban aiki mai suna Multics, wanda jami'ar MIT da kamfanin General Electric da ɗakin binciken Bell na kamfanin tarho na AT&T suka haɗa hannu a kai a Amurka. Sun zaɓi harshen PL/I, amma aikin ya yi nauyi, ya ci lokaci, har Bell suka janye cikin 1969.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan Bell ɗin, Ken Thompson, ya sami wata ƙaramar na'ura, PDP-7, wadda ba a cika amfani da ita ba, ya rubuta mata 'yar ƙaramar babbar manhaja da harshenta na gida. Wannan ita ce ta zama Unix. Ya kuma rage wani harshe mai suna BCPL, na Martin Richards, ya fitar da nasa ya kira shi B. Da suka sami PDP-11 cikin 1970 sai B ya gaza, domin shi B duk abin da aka ba shi ma'auni ɗaya yake yi masa, bai bambanta harafi da lamba ba, ita kuwa sabuwar na'urar tana bambantawa. Abokin aikinsa Dennis Ritchie ya yi ta yi wa B kwaskwarima daga 1971 zuwa 1973, har ya zama wani harshe dabam. Tun da ya biyo bayan B, sai aka ce da shi C. Cikin 1973 suka sake rubuta zuciyar Unix da shi.

Abin lura a nan shi ne, ba don yawon duniya aka ƙirƙiri C ba. An ɗinka shi ne daidai jikin PDP-11, don mutanen da ke hawa ɗaya na gini ɗaya a jihar New Jersey su sami sauƙin aiki. Wani dalili na shari'a ne ya fitar da shi waje. Wata yarjejeniya da AT&T ya yi da gwamnatin Amurka cikin 1956 ta hana shi kasuwancin da ba na sadarwa ba, saboda haka da jami'o'i suka fara neman Unix sai aka riƙa ba su ita a kan kuɗi kaɗan, haɗe da asalin rubutun. Wani malami a Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, John Lions, ya ɗauki rubutun zuciyar Unix, wanda bai kai layi 10,000 ba, ya yi masa sharhi layi bayan layi don ɗalibansa. Da kamfanin ya hana koyar da rubutun a aji cikin 1979, sai ɗalibai suka riƙa gurza kwafin sharhin a ɓoye, kwafi daga kwafi, har zuwa 1996 da aka yarda a buga shi. Duk ɗalibin da ya taɓa karanta takardar malami wadda aka gurza sau bakwai har haruffa suka dushe, ya san yadda abin yake.

Ƙaura ta farko

A ganina shekarar 1977 ta fi 1973 muhimmanci a wannan tarihi, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Jami'ar Wollongong, wadda take kimanin kilomita 80 kudu da birnin Sidni, tana son Unix amma ba ta da PDP-11. Abin da take da shi wata na'ura ce mai suna Interdata 7/32, wadda ba ta haɗa dangi da PDP-11 ba ko kaɗan. Wani matashi mai suna Richard Miller ya ɗauki aikin mayar da Unix kanta. Dole ya fara koya wa tafintan C yaren Interdata, tafintan kuwa a kan PDP-11 kaɗai yake aiki, saboda haka sai da ya riƙa zuwa Sidni yana aron na'ura. Cikin 1977 Unix ta tashi a kan Interdata. A daidai wannan lokaci, can a Bell, Ritchie da Steve Johnson suna yin irin wannan aiki a kan Interdata 8/32. Sun lura cewa bambancin manyan manhajoji yana wahalar da su kamar yadda bambancin na'urori yake yi, sai suka ga gara su ɗauki babbar manhajar ɗungurungum su yi ƙaura da ita.

Wannan ƙaura ita ce ta tona asirin duk wuraren da rubutun ya dogara da halin PDP-11 ba tare da marubutan sun sani ba. An ƙara wa C wasu ƙa'idoji saboda haka. Johnson ya rubuta sabon tafinta wanda aka raba shi biyu, ɓangaren da yake fahimtar C da ɓangaren da yake furta yaren na'ura, yadda in sabuwar na'ura ta fito ɓangare na biyu kawai za a sauya. Ya kuma rubuta wata manhaja, lint, mai tsince wuraren da rubutu zai yi tuntuɓe in an kai shi baƙon wuri. Akwai wani labari da masu fannin suke bayarwa, cewa da aka kai Unix kan wata na'urar IBM wadda take jera haruffa bibbiyu a juye, maimakon ta rubuta sunanta daidai sai ta rubuta nUxi. Da na ji wannan sai na tuna akwatunan jingata, na ɗan huce.

Cikin 1978 Brian Kernighan da Ritchie suka fitar da ɗan littafinsu a kan C, wanda ya zama shi ne nahawun harshen har tsawon shekara goma. Amma kamar kowane harshe da ya bazu, C ya yi karuruwa, kowane kamfani da irin nasa. Aka kafa kwamitin daidaita shi a Amurka cikin 1983, bai gama ba sai 1989, hukumar ma'auni ta duniya kuma ta karɓa cikin 1990. Mu da muka san yadda aka sha fama kafin a daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa ba za mu yi mamakin shekara shida ba.

Zaɓin Stallman da na Torvalds

Cikin Satumba 1983 Richard Stallman na MIT ya ba da sanarwar zai rubuta babbar manhaja mai kama da Unix wadda kowa zai sami 'yancin kwafa da gyarawa, ya kira ta GNU. Shi mutumin harshen Lisp ne, a cikinsa ya ƙware, shi yake ƙauna. Amma da ya zo aiki sai ya ga abin da jama'a suke da shi a na'urorinsu C ne. Abu na farko da yake bukata shi ne tafinta mai 'yanci. Ya nemi na wani malami a Amstadam, Andrew Tanenbaum, bai samu ba. Ya ɗauko wani daga ɗakin binciken Lawrence Livermore wanda aka rubuta da harshen Pastel, ya fara mayar da shi kan ƙwaƙwalwar Motorola 68000, sai ya tarar yana bukatar wurin ajiya na miliyoyin bayit, na'urar kuwa dubu 64 kawai take bayarwa. Ya ajiye shi ya rubuta sabo da C. Wannan shi ne GCC, wanda ya fito cikin 1987. Ina roƙon mai karatu ya riƙe sunan Motorola 68000, za mu sake haɗuwa da ita.

Tun daga nan lamarin ya zama kamar kasuwa da fatake. Kowane kamfani da ya ƙera sabuwar ƙwaƙwalwa yakan hanzarta koya wa GCC yarenta, domin manhajojin duniya da C suke. Kowane mai sabuwar manhaja kuma yakan zaɓi C, domin shi ne yake da tafinta ko'ina. Ƙa'idojin aikin GNU ma sun daɗe suna ba da shawarar a yi amfani da C, bisa hujjar cewa wani harshen zai ɗora wa mai karɓa nauyin neman wani tafinta. Haka Hausa ta zama harshen ciniki a zangunan hanyar Gwanja: falke ya koye ta don da ita ake sayen goro, mai goro ya koye ta don da ita falke yake magana. Babu wanda ya zauna ya auna kyawun nahawunta.

Labarin Linux ya ƙara tabbatar da abin da ya faru a Wollongong. Cikin Agusta 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, yana da shekara 21, watau sa'ana, ya sanar da cewa yana rubuta zuciyar babbar manhaja don nishaɗi. Ya faɗa da bakinsa cewa ba za ta iya ƙaura ba, domin a jikin Intel 386 ya ɗinka ta. A farkon 1992 Tanenbaum ya soke shi a kan wannan batu ƙwarai. Amma tun da mafi yawan rubutun da C ne, kuma GCC yana nan, zuwa 1995 an fara ɗora Linux a kan Alpha da SPARC da MIPS. Yau ita ce zuciyar kowace wayar Android.

Ba a rasa masu neman kujerar C ba tun a wancan zamani. Bjarne Stroustrup ya fara C++ a Bell cikin 1979, kuma tafintansa na farko zuwa C yake juya rubutu. Harshe ne mai yalwa, manyan manhajoji irin su Firefox da Chrome da shi aka gina su, har GCC kansa ya koma amfani da shi a fitowar 2013. Amma tafintocinsa sun daɗe ba su jitu da juna ba, ba a daidaita shi ba sai 1998, Torvalds kuwa ya ƙi shi ƙememe. Java ta zo cikin 1995 da wata dabara, a rubuta sau ɗaya amma a riƙa yawo da na'urar kwaikwayo ko'ina. Wannan ya amfani kamfanoni, sai dai bai dace da ƙananan manhajojin da ake cusawa cikin cikin wasu ba. Su irin waɗannan, har yau C ne. SQLite, ma'ajiyar bayanai da D. Richard Hipp ya fara cikin 2000, tana cikin kowace wayar Android da iPhone, masu ita kuma sun ce suna da niyyar kula da ita har 2050. Akwai wani dalili kuma: kusan kowane harshe ya san yadda zai kira abin da aka rubuta da C. In Python tana son magana da wani harshe, galibi ta bakin C suke gaisawa.

Kuɗin fito

Sai dai sauƙin nan da kuɗinsa. Abin da ya sa tafintan C yake da sauƙin rubutawa shi ne harshen ba ya sa ido a kan marubuci. In ka tanadi wurin mudu goma ka zuba mudu goma sha biyu, C ba zai hana ka ba, rarar za ta malala cikin rumbun maƙwabci. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ran 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Morris, wanda mahaifinsa yana cikin waɗanda suka yi aikin Unix a Bell, ya saki wata tsutsar manhaja cikin intanet. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi ita ce ta aika bayit 536 wurin da aka tanadar wa 512. An ƙiyasta ta kama kwamfuta wajen 6,000. Umarnin C da ya ba da wannan ƙofa, gets, ba a cire shi daga daidaitaccen harshen ba sai 2011, shekarar da Ritchie ya rasu.

Cikin Afrilu 2014 aka gano wata ɓaraka a OpenSSL, manhajar C da take tsare sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Aka kira ta Heartbleed. Kuskuren 'yan layuka ne, amma ya ba ɓarawo damar ɗiban bayit har dubu 64 daga ma'ajiyar na'ura a kowace tambaya, kuma ya yi shekara biyu a waje ba a lura ba. Cikin 2019 Microsoft suka ce kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da suke toshewa daga irin wannan kuskuren ajiya take, masu Chrome ma suka faɗi kusan haka cikin 2020. Waɗannan ba koyau ba ne, ƙwararru ne da ake biya albashi mai tsoka. Saboda haka hujjar da ake kawowa cewa gwani ba ya kuskure da C, ni dai ba ta gamsar da ni ba.

Rust da waɗanda aka bari a baya

An sami sababbin harsuna. Ken Thompson da kansa, tare da Rob Pike da Robert Griesemer, sun fitar da Go a Google cikin 2009. Su Thompson da Pike ɗin nan kuwa su ne suka tsara UTF-8 cikin 1992, tsarin da ƙ da ɗ da ɓ suke tafiya da shi a intanet yau. Amma wanda ya tunkari C a filinsa shi ne Rust, wanda Graydon Hoare ya fara, kamfanin Mozilla ya ɗauki nauyinsa, ya fito cikakke cikin Mayu 2015. Tafintansa mai tsanani ne. Kowane yanki na ma'ajiya sai an nuna mai shi, da wanda aka ara wa, da lokacin da aron zai ƙare, in ba haka ba ya ƙi juya rubutun. Saurinsa kuwa ya yi kafaɗa da na C. Cikin Disamba 2022 aka buɗe masa ƙofa a zuciyar Linux, ƙofar da aka hana C++ shekara da shekaru.

To, amma tsohuwar tambayar tana nan: yana da tafinta a kowane gari? Tafintan Rust ya dogara ne da wani tushe mai suna LLVM, wanda bai san yaren na'urori da yawa kamar GCC ba. Rigimar ta fito fili cikin Fabrairu 2021, sa'ad da masu kula da cryptography, wata manhajar ɓoye sirri da dubban ayyukan Python suka dogara da ita, suka shigar da Rust cikinta. Nan take ta daina ginuwa a kan tsofaffin na'urori irin su Alpha da HP PA-RISC da Itanium da Motorola 68000. Masu waɗannan na'urori suka ce an kore su daga gidan da suka taya ginawa. Masu manhajar suka amsa cewa su 'yan sa kai ne, ba su taɓa alkawarin kula da waɗannan na'urori ba, kuma ba za su bar miliyoyin mutane cikin haɗari saboda 'yan ɗaruruwa ba.

Na daɗe ina juya wannan magana. A kan manhajar da take tsaron sirrin mutane, ina ganin masu Rust suna da gaskiya, domin na'urorin da aka bari ɗin ba na talaka ba ne, yawancinsu kamfanonin da suka ƙera su sun daina, masu sha'awar kayan da ne suke riƙe da su. Tsohuwar wayar da ke hannun ɗalibi irina ARM ce, Rust kuwa yana jin yarenta. Linux ma da take C ta sauke Itanium a farkon 2024. Amma ban yarda da masu cewa a rushe duk abin da aka gina da C ba. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin mai manhajar curl, wadda take ɗauko bayanai daga intanet a cikin wayoyi da motoci da talabijin, ya riƙe ta a kan C na 1989 don ta shiga ko'ina. Ya gwada saka wani ɓangare na Rust daga 2020, amma a ƙarshen 2024 ya cire shi, domin ba a sami isassun mutanen da suka iya harsunan biyu kuma suke son ƙarasa aikin ba. Ashe bayan tafinta, harshe yana bukatar masu magana da shi da za su zauna su yi gyara shekara ashirin.

Su kuwa masu Motorola 68000 ba su tsaya kuka ba. Ƙwaƙwalwa ce ta 1979, ita ce a cikin Macintosh na farko da Amiga, ita ce kuma ta sa Stallman ya ajiye Pastel ya rubuta GCC. Masu ƙaunarta suka tara gudummawa, aka rubuta ɓangaren da zai koya wa LLVM yarenta, aka karɓe shi a matsayin gwaji cikin 2021, daga baya Rust ya sa ta cikin jerin na'urorinsa a mataki na ƙasa. Wasu kuma suna ta aikin koya wa GCC harshen Rust ɗin kansa. Aikin da Richard Miller ya yi tsakanin Wollongong da Sidni ke nan cikin 1977, sai dai su ba su bukaci zuwa aron na'ura ba.